Tsaga Uku a Ƙarƙashin Sirdi

Laifin da za a hukunta a labarin nan shi ne mutum ya gaji suna, ya ci gajiyarsa, ya ƙi ɗaukar wahalarsa. Suna linzami ne, wanda ya sake shi kuwa sai ya bi doki da ƙafa.

Duk wanda ya girma tsakanin Gazawa da Gangara ya san kekunan gidan Garba. Shi Garba maƙeri ne, daga kudancin iyaka ya zo tun zamanin cinikin gyada. Ya ga kekunan da ake kawowa daga waje ba su jure buhu, da an ɗora musu kaya sai wuya ya karye. Sai ya riƙa sayo ƙafafu da kaca da birki daga Maraɗi, gangar jikin kuwa ya ƙera da kansa da bututu mai kauri. A wuyan keken, inda hannu ya haɗu da jiki, yakan zura wani guntun ƙarfe a ciki kafin ya yi walda. Ƙashin wuya yake kiransa. Ba a ganinsa daga waje, amma shi ke ɗauke da nauyi.

Yana da ƙa'ida guda. Ba keken da zai bar rumfarsa sai mai rumfar da kansa ya ɗaura masa buhu biyu na hatsi, ya hau, ya bi hanyar Gangara, ya gangara kwarin goruba, ya dawo. In sun dawo lafiya, sai ya ɗauko wani tsohon kurfi, abin saran ƙarfe na maƙera, ya yi wa keken tsaga uku a ƙarƙashin sirdi, kamar yadda wanzami ke yi wa ɗan gida. Mai saye ba ya tambayar komai. Yatsa kawai zai sa ya lalubo, in ya ji tsaga uku ya ja abinsa.

Garba ya rasu, ɗansa Ayuba ya riƙe ƙa'idar shekara talatin da 'yan kai. Babura suka zo suka cika gari, ciniki ya ja baya, bai fasa ba. Da idonsa ya fara hazo, gwiwa ta fara ƙara, ya miƙa wa ɗansa Zaharaddini rumfar da kurfin, ya koma kan tabarma a ƙofar gida.

Zaharaddini ba rago ba ne, kada a yi masa ƙarya. Ya yi lakol, wato boko, hannunsa a walda ya fi na ubansa kyau. Ganin hawan kwari ne yake yi kamar camfin tsofaffi.

Ana saura wata guda a yanke gero, ƙungiyar manoma daga wajen Cadakori ta aiko tana son kekuna ashirin da huɗu kafin kaka. Rumfar ba ta taɓa samun aiki irin wannan ba tun zuwan babura. Zaharaddini ya duba kwanaki ya ga ba za su kai ba, don ƙashin wuya na cin lokaci, hawan kwari kuma rabin yini ne kowane keke. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma shi ya ce zai fafe. Ya bar ƙashin wuya, ya yi walda mai kyan gani, ya shafa baƙin fenti. Ya jera su a rumfa, ya ɗauki kurfin kakansa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tsagawa.

Akwai wani Bafulatani, Sajo, tsohon abokin wasan Ayuba, wanda ke kawo nono gari a kan keken gidan tun yana saurayi. Ranar kasuwa ya biyo ya zauna a gefen tabarmar Ayuba.

«Maƙeri, bawana, ashe kun sami aljanu masu taya ku aiki?»

«Kai dai ɗan daji, mi ka gani kuma?»

«Na ga kekuna ashirin da huɗu duk da tsagarsu. Ni kuwa kullum shanuna na kwarin goruba, tun da damina ta faɗi ban ga ɗanka ya gangaro da ko kaza ba, balle buhu.»

Sajo da wasa ya faɗa, har yana dariya. Ayuba bai yi dariya ba. Ya jira Sajo ya tafi, ya dogara sanda ya shiga rumfa, ya riƙa sa yatsa ƙarƙashin kowane sirdi.

«Zaharaddini, wa ya hau waɗannan?»

«Baba, waldar nan ko mota aka ɗora mata ba ta motsi.»

«Ba waldar na tambaye ka ba. Wa ya hau?»

«Zamani ya canza, Baba. In na tsaya hawan kwari, mutanen nan wani wuri za su.»

«Ka sa musu ƙashin wuya?»

Zaharaddini ya sunkuyar da kai, ya ce ya sa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma mai haƙa shi ba ya ganin ƙarshensa sai ya faɗa.

«To, madalla,» in ji Ayuba. «Tun da ka sa, saura hawa. Tsagar nan cewa take wani daga gidan Garba ya ɗora ransa a kai. In kai ba ka da lokaci, ni ina da shi.»

A nan ne Allah ya ba Zaharaddini ƙofar fita. Kalma ɗaya ta isa. Amma kunyar a ce ya yi wa ubansa ƙarya ta riƙe masa harshe, ya ce a ransa tsoho ba zai iya ba, barazana ce kawai.

Washegari da hantsi, Zaharaddini ya tafi tasha karɓo kaca. Ayuba ya sa maƙwabta suka ɗaura masa buhu biyu a kan na farkon layi. Suka ba shi baki, ya ƙi. Ya hau yana layi, har ya daidaita, don jiki bai manta abin da ya yi shekara talatin ba. A tsakiyar gangaren kwari wuyan keken ya ɓalle. Tsoho ya kifa, buhunan suka biyo shi.

Sajo ne ya tsince shi, ya aza shi a amalanke. A gidan likita aka ce ƙashin ƙugu ya karye wuri biyu, kuma a shekarunsa ba ya haɗuwa.

Da Zaharaddini ya zo ya durƙusa gefen gadon yana kuka, Ayuba bai zage shi ba.

«Gara ni da uban wani,» ya ce. «Ka kawo min karyayyen wuyan in taɓa.»

Aka kawo. Ya zura yatsa cikin bututun, ya ji fanko. Ya juya ga Sajo.

«Ɗan daji, aiki zan sa ka yau. Ka tsaya a kansa ya goge tsagar sauran ashirin da ukun da zarto, a gaban mutane. Kurfin kuma a kai maƙera a narke shi.»

Sajo bai yi wasa ba ranar. Haka aka yi, a bakin rumfa, kowa na kallo. Mutanen Cadakori da suka zo ɗauka suka sa yatsa, suka ji wurin sumul, suka koma da amalankensu ba komai a kai.

Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Zaharaddini ya so ya tsirar da kwana goma sha biyu. Ga abin da ya bayar a madadinsu: ƙafafun ubansa, wanda tun ranar ba ya zuwa masallaci sai an ɗauke shi. Kurfin kakansa, wanda ya zama bakin fartanya. Kekuna ashirin da uku da ke tsatsa a bayan gida, ba mai tayawa. Da sunan da mutum biyu suka yi shekara sittin suna hawa kwari dominsa. Yanzu faci yake yi wa babura a tashar Gazawa, kuma in tsohon keke mai tsaga ya zo wucewa, mai shi kan tura shi gaba zuwa wata rumfar.