Ranar da Itsuki Ya Ci Gwaji

Itsuki ya shekara uku da rabi bai taɓa cewa "Mama" ba. Ko sunansa aka kira ba ya waiwayowa. Mahaifinsa na aiki can birnin Nagoya, sai ƙarshen wata yake leƙo gida, saboda haka uwarsa Chizuru ce kaɗai ta yi ta zirga-zirga wata biyar kafin cibiyar kula da yara ta sa musu ranar gwaji. In aka ga ya cancanta, za a ba shi gurbi a ajin koyon magana.

Bas biyu suka hau. Ya yi ta ihu a hanya har ya cije ta a hannu, fasinjoji suna kau da kai. Amma da suka shiga ɗakin gwaji ya ga 'yan katakon wasa, sai ya nutsu. Ya jera su tsaf, ya harhaɗa hotuna kafin a gama yi masa bayani.

Malama Nakagomi, mai gwajin, ta daɗe tana duban takardarta.

"Maman Itsuki, ajin na yaran da makinsu bai kai iyaka ba ne, shi kuwa ya haura iyakar da maki uku. Wannan karon ba zai samu gurbin ba."

"Malama, ko ruwa fa bai iya roƙa ba. Sai dai ya ja ni har bakin famfo."

"Na sani, na kuma rubuta. Ki dawo da shi bayan wata shida."

Chizuru ta rusuna ta yi godiya.

A tashar bas ta kira mijinta a waya ta gaya masa.

"Kin gani ko? Ai na ce miki lafiyarsa ƙalau! Ni ma sai da na shekara huɗu na buɗe baki, yanzu ga shi roƙona ake in yi shiru."

"Baban Itsuki, ba haka..."

"Ana kirana taro. Ki saya masa alewa."

Ta biya ta filin wasan unguwarsu. Iyaye mata uku suna zaune suna hira, ɗaya ta ɗaga mata hannu.

"Yaya gwajin?"

"Ya ci," in ji Chizuru.

"Kai, barka! Hankalinki ya kwanta ke nan."

Suka koma hirar makarantar da za su sa 'ya'yansu. Da la'asar suka watse. Itsuki na tsugune can gefe yana zuba yashi ta tsakanin yatsunsa. Chizuru ta tsuguna kusa da shi, ita ma ta ɗebo.

"Yashi," ta ce masa a hankali. "Wannan yashi ne."