Manomin Dominic Ya Daina Tuntuɓe

Kwamfutar Dominic ta fara mutuwa tun farkon damina. Sai ƙaninsa Haggai ya ɗora ta kan tulu mai sanyi kafin ta yarda ta kunnu. Abu guda ake buɗewa a cikinta, wasan da yayan nasa ya rubuta kafin ya shiga soja bai dawo ba. Wani ɗan manomi ne ke aikin golmo, wato noman neman aure, a gonar surukai, yana noma yana tafiya, can sai ya yi tuntuɓe ya dafe ƙugu.

Mahaifiyarsu, Mama Leah, ba ta taɓa buga wasan ba. Zama take yi bayan an tashi coci tana kallo, in manomin ya yi tuntuɓe ta yi dariya.

"Haka Dominic yake tafiya tun yana yaro. Ko a fili sai ya sami abin da zai harɗe shi."

Haggai ya kai kwamfutar shagon Bushira, mai gyaran waya a bakin kasuwa, ya ce a mayar masa da wasan cikin waya kafin ta cika.

"Wanga tsohon harshe ne, C++," in ji ta. "Wayarka ba ta jin shi. Akwai manhajar da ke juya shi zuwa JavaScript da kanta."

"To juya mana, Hajiya."

"Hajiyar ina? Ka kai ni Makka ne?"

Kafin ya gama cin gyaɗarsa manhajar ta kammala. Gona ta fito a waya, ga fartanya, ga manomi yana sheƙa noma sumul har ƙarshen kunya.

"Ina tuntuɓen?"

Bushira ta daɗe tana duba rubutun. Ta ce tsohon harshen in ya raba lamba yakan yar da ragowar, sai ƙafar manomin ta sauka inda bai kamata ba. Sabon ba ya yar da komai.

"Kuskure ne yayanka ya bari, ya gyaru."

"Ki ɓata shi ya koma yadda yake a da."

Ta sa sabon harshen ya riƙa yar da ragowar. Manomin ya koma tuntuɓe, amma a kan ƙa'ida, kamar mai fareti. Ta ce tuntuɓen ba-zata na da daga nauyin aikin tsohuwar kwamfutar yake zuwa, wannan kuwa babu shi a rubuce. Suka danna kwamfutar don su gwada su gani, ta ƙi kunnuwa. Da Bushira ta buɗe cikinta, sai warin ƙonewa.

Ran Lahadi ya miƙa wa Mama wayar. Ta matso da ita kusa da ido, ta jira. Manomin ya yi tuntuɓe, ya dafe ƙugu. Ta kalli na biyu, ta kalli na uku.

"Wannan da gangan yake yi," ta ce.

Ta mayar masa da wayar, ta ja tiren dawarta ta ci gaba da tsinta.