Inuwa a Gefen Tabawa

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma kishi ne ya kayar da ni a cikinsa. Kishi irin na maza, wanda muke naɗewa cikin rawani mu ce masa tsare gida. Ku saurara, kada wanda ya yi mini dariya.

Ni Tanimu mahauci, na ga kaina a wani gari inda ruwa ke tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama. Mutane na tafe da lema a juye, sun tare ƙafafunsu da ita. Ban yi mamaki ba. Abu ɗaya ya kai ni: in koyi ɗaukar hoto, in ɗauki matata Tabawa, wadda ta rasu da daɗewa. Hotonta ɗaya ne tal a duniya, shi ma yoyon ɗaki ya cinye shi. 'Yan shekarun nan kuwa idan na rufe ido don in gan ta, sai na yi da gaske kafin fuskar ta zo.

A ƙofar shagon hoton wata akuya ce zaune bayan tebur, tana tauna igiyar tarho.

Ta ce, "Kai ne Tanimu na bakin kasuwa?"

"Ni ne."

"Kai ka yanka ƙanen uwata."

"Allah ya ba ki haƙuri. Sana'a ce."

"Ya yi nama?"

"Ya yi."

"To, madalla. Shiga, Malam na jiranka."

Malamin bunsuru ne, da tabarau da gemun da ya fi nawa. Ɗakin babu taga. Fitilu na tsaye kan dogayen ƙafafu suna numfashi a hankali, kamar shanu a turke.

Ya ce, "Kyamara ba komai ba ce, ko jaki zai danna ta. Aikin na fitila ne." Ya shafa wuyan wata ƙatuwa. "Wannan ita ce babba. Ba a sa ta gaba da gaba da mutum kamar mai tuhuma. A gefe ake tsayar da ita, a ɗaga ta sama da kai kaɗan, kamar hantsi. Ka juya ta ta haska cikin lema, lemar ta dawo da hasken a tausashe. Wannan ƙaramar aikinta lallashi ne, kada muryarta ta kai ta babba. Waccan ta baya ita ke raba mutum da labule, don kada bango ya haɗiye shi."

Aka kawo mini kabewa da hula a kanta in gwada. Na matso da babbar fitila, kabewar ta ce na kashe mata ido. Na ja da baya, ta ce yanzu ta yi kama da mahaifinta. Malam ya ce na fara iyawa.

Sai ga Tabawa a kan kujerar ɗaukar hoto.

Tana sanye da koren kallabinta, hannunta da lalle. Fuskar nan duka ta zo, babu abin da ya ɓace: wushiryarta, billen kumatunta na hagu, da ɗan tabon da tafasasshen kitse ya yi mata a haɓa ranar da ta taya ni suya.

Ta ce, "Maigida, ka rame. Wa ke yi maka tuwo?"

"Matar ɗanki."

"Tana cika daddawa, na sani. Ka daure. Yi sauri ka ɗauka, arona aka ba ka."

Na tsayar da babba a gefen dama, na ɗaga ta kamar hantsi. Wani ɗigon haske ya sauka cikin ƙwayar idonta. Malam ya gyaɗa gemu. Ina kai yatsa zan danna, sai wani mutum dogo baƙi ya shigo ba sallama, ya zauna a gefenta na hagu, ya jingina kuncinsa da nata.

Na ce, "Wane ƙato ne wannan?"

Malam ya ce, "Inuwa ne."

"Inuwa na gidan wa?"

"Ba shi da gida. Duk wanda aka haska, yakan zo ya zauna a gefen da hasken bai kai ba. Shi ke tayar da hanci, shi ke ba kumatu tudu. Danna abinka."

"Ba a gefen matata ba."

Tabawa ta ce, "Maigida, ƙyale shi. Tun ina raye yake bi na, ba ka taɓa cewa komai ba."

"Tun kina raye?"

Wannan maganar ce ta ƙarasa ni. Na jawo ƙaramar fitila na ƙure ta a hagu. Inuwa ya zame ya koma ƙarƙashin haɓarta. Na kwantar da ta baya a ƙasa ta haska sama. Ya lallaɓa ya raɓe a gefen hancinta, ya ƙanƙance kamar ƙuda. Na fizge lemomin na yar, na tattaro fitilun duka na jera su a gabanta, tsirara.

Malam ya ce, "Rage, dattijo."

Na ce, "Akuya ba za ta koya mini tsare gidana ba."

Inuwa ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Ya ce, "To, na bar ka da ita." Ya fita. Na danna.

A garin nan a bakin rafi ake wanke hoto. Awaki mata ne ke yi, da sabulu da soso, su matse su shanya a igiya. Na tsaya har nawa ya bushe. Ga koren kallabi a sama. Ga 'yan kunne, ɗaya nan ɗaya can. Tsakaninsu fari fat, kamar bayan ƙwai.

Na koma shagon a guje in sake. Tana nan zaune yadda na bar ta, hannuwa a kan cinya. Ita ma ƙarƙashin kallabin fari fat.

Daga cikin farin ta ce, "Maigida, ya yi kyau?"

Na ce, "Ya yi kyau."

"Wushiryar ta fito? Ka san da ita ka fara tsokanata."

"Ta fito."

"To, alhamdu lillahi. Ka nuna wa yara."

Na dubi Malam. Ya cire tabarau yana gogewa da kunnensa, ya ce, "Sai dai in ka dawo da shi."

Na fita titi ina kira, Inuwa, Inuwa, ka yi wa Allah. Kowa na tafe da nasa Inuwan a gefe, wasu ma suna hira. Na tare wani tsoho na ce ya ara mini nasa, ya ce ba zai yi mata daidai ba. Na waiwaya, sai na ga ruwan nan mai hawa sama ya shiga shagon ya ɗaga kujerar da ita a kai. Tana tafiya a hankali, tana gyara ɗaurin kallabi, tana cewa a rage daddawa.

Sai injin markaɗen maƙwabta ya tashi, na farka.

Gari ya waye, rana ta shigo ta ƙofa. Na zauna a tabarma na rufe ido, na kira ta yadda na saba. Kallabin ya zo. 'Yan kunne suka zo. Muryar ma ta zo. Na jira har injin ya yi shiru.

Ga abin da na kwanta da shi na tashi babu: wushirya ɗaya, bille ɗaya, tabon haɓa ɗaya, idanu biyu. Inuwa kuwa ga shi nan a gefena kan tabarma.