Layun Tasi'u

Duk shekara kafin damina, mazan ƙauyen su Tasi'u da ke dako a tashar jirgin ruwan Abijan sukan zaɓi mutum ɗaya ya kai saƙo gida, can ƙasar Tawa. Bana Tasi'u aka zaɓa. Ƙanwarsa Sakinatu ta yi yadda matan gidansu suka saba: ta naɗe kuɗin kowane gida, ta ɗinke cikin fata kamar laya, ta jera a igiya ya ɗaura a ƙugu. Jandarma kan laluba aljihu, amma ba ya taɓa laya.

Sai dai bana ba jandarma ke tsare hanya ba. Tun da zaɓe ya rikice, samari ne da adduna.

Sakinatu ta rako shi daga unguwar Treichville cikin tasi. Dab da tashar Adjamé suka tarar an gitta katako da tayoyi. Aka fito da kowa. Wani mai jan ƙyalle a ka ya ɗaga rigar Tasi'u, ya ga layun, ya yi tsalle baya.

"Maganin bindiga! Ɗan tawaye ne!"

"Wallahi ɗan dako ne ni," Tasi'u ya ce da guntun Faransancinsa.

"Ɗan dako? To, ɗauki wannan!"

Gora ta sauka a bakinsa, haƙora biyu suka faɗo kan kwalta. Suka rufe shi da duka har ya daina kāre kansa. Wani ya rataya masa taya a wuya, wani ya tuttula masa fetur, ana ihun a kawo ashana.

Sakinatu, wadda ko ɗan tireda ba ta iya kallo ido cikin ido, ta kutsa ta faɗa kan wanta. Aka sare ta a kafaɗa, ba ta ji ba. Ta kama laya ɗaya da haƙori. Ɗinkinta ne, mai ƙarfi ta yi shi. Ta ja har dasashinta ya fashe, fatar ta yage, takardun kuɗi suka zubo.

Sai mai jan ƙyallen ya yanke igiyar ya ruga, sauran suka bi shi, suna saran juna.

Ta cire tayar, ta ja Tasi'u zuwa bakin kwata.

"Sakina," ya ce, jini na bin gemunsa, "kuɗin irin shukar mutane ne fa. Da wane ido zan dubi Baba Inusa da ke jiran nasa a gida?"

Ta waiga. Wani yana dawowa, da sigari a bakinsa.

"Tashi, Yaya. Fetur ne a jikinka."

Ta saƙala hannunsa a wuyanta, suka shige lungu.