Makina a Gaban Sunan Wani

"Ni na ci ashirin da uku? Ni?"

"Kwamfuta ce ta faɗa," in ji Malam Gwadabe, akawun ofishin. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Tamanin da ɗaya na ci, Malam. Da idona na gani a takardata ranar jarrabawa, a gabanmu aka duba."

"To ciro idon mu sa a fayil, ɗan samari."

Kamfanin shinkafa ne babba, gonakinsa a jiha uku. Mutum ɗari biyu zai ɗauka, masu zagaya gonaki. Mu dubu huɗu muka zauna jarrabawar. Shekarata uku da gama sakandare, ina Achika ina noma gonar Baba. Wannan aikin kaɗai na sa wa rai.

Na ce ba inda za ni sai na gani. Ya yi tsaki, ya juyo min da kwamfutar. Jadawali ne dogo, gida-gida: sunaye a hagu, maki a dama. Duk girman kamfanin, abin da suke ajiye mutane a ciki ke nan. Ga ni nan, Garzali Yahuza, 23.

Hajiya Barakatu, abokiyar aikinsa, ta leƙo daga teburinta. Ta daɗe tana kallo.

"Malam Gwadabe, da ka jera sunayen nan daga A zuwa Z, ka haɗa da ɓangaren makin kuwa?"

"Sunaye oga ya ce a jera."

"Innalillahi. Ai sunayen ne kaɗai suka tashi, makin na nan inda yake. Kowa na wani ya ɗauka."

Ya cire hula, ya mayar.

Na ce a buɗe tsohon fayil ɗin. Ya ce a kan tsohon ya ajiye sabon, tsohon ya goge. Hajiya ta kira babban ofishin kamfanin a Kano, aka turo mata guda uku: na ƙarshe, na ƙarshe sabo, na ƙarshe na gaske. Duk bayan jerin aka kwafe su. Takardunmu kuwa, da aka gama shigar da maki sito ya cika, aka ƙone su.

"Sai a sake jarrabawar," na ce.

"Wa zai sake? Oga ya sa hannu tun Laraba. Wasiƙu sun fita, ran Litinin za a fara aiki." Ya rage murya. "Hajiya, maganar nan ta tsaya a ɗakin nan, don Allah. Ina da iyali."

Ta koma teburinta, ta ja mayafi.

Ya dube ni, karon farko. "Ka yi haƙuri, ɗana. Komai rabo ne."

Na tsaya ina kallon lambobin da ke dama. Tamanin da ɗaya ya fito fiye da sau goma, kowanne da sunan da ya zauna a gefensa.

"Malam, a cikin waɗannan wane ne zai zo aiki ran Litinin da makina?"