Robar Bakin Mai Tukwane

Miji na rasa, na samu shago. Wannan cinikin ba a nemi shawarata ba. Yanzu kuma baki na rasa, na samu roba — 'yar roba fara, an auna ta daidai haƙorana. Kana ji, Maigida? Ni fa. Ni da ake jiyo muryata tun daga layin masu takalma...

Ga ni a ƙuryar shago kan kifaffen bokiti, roba a baki, miyau na taruwa. Auta ce a gaba. Autarka. Wata mata ta ɗauki babbar tukunyar nan mai marfin gilashi, tana juya ta tana taɓe baki — ƙarya take, so take, dubi yadda ta rungume ta kamar jariri. Auta, kada ki yi murmushi tukuna... Ta yi. Shi ke nan.

Harshe a ganɗa, leɓe a rufe, haƙora kada su haɗu. Haka likitar ta ce. Yarinya ce fa, sa'ar Auta. Ta ɗora yatsu gaban kunnuwana, wai buɗe, Mama. Na buɗe, ƙas! Har ita ta ji. Wai gaɓar muƙamuƙi ce ta gaji, wai datse haƙora nake ko a cikin barci, sun side kamar gindin tsohuwar tukunya. To da me zan riƙe? Ranar da ƙannenka suka cika mana ɗaki, wai mace ba ta iya shago, a sayar a raba — da haƙoran nan na danne kuka. Ashe tun ranar ban sake su ba. Wa ya ce mini in saki?

Matar ta taya. Tayin raini! Ki ce albarka, Auta, ki karɓe tukunyar ki mayar kan kanta, ki juya baya kamar kina da abin yi... Ina. Bayanin marfi take mata.

Halinka sak. Mai saye ya ce ɗansa ba lafiya, kai kuma ka narke kamar man da aka manta a rana. Ina taka maka ƙafa kana cewa, “Bar shi, 'yar rigima, gobe ma rana ce.” Gobe! Da gobe muka aurar da yayyenta? Da bakin nan ne. Kai zuciya, ni baki, haka muka raba, kuma ka tafi da rabonka ka bar ni...

Kwanakin baya, tsakiyar ciniki bakin ya kafe fa. Na wangame zan sauke wa wani dillali kwandon magana, bakin ya tsaya a buɗe. Ya ƙi rufuwa. Mutane tsaye, ni ina nuni da hannu kamar mai korar ƙuda. Auta ce ta ja mayafi ta rufe mini fuska har asibiti, tana cewa ba komai, Mama, ba wanda ya gani. Duk layin ya gani. Mai gyaran agogo har yau in ya wuce sai ya leƙo, wai Mama, kunnuwan kasuwa na godiya. Zai gamu da ni. In na warke... in.

Na yi ciniki da likitar, kada ka ce ban yi ba. Ta jero: roba lokacin barci, da rana ma in ciwon ya motsa, tsumma mai ɗumi a kunci, abinci mai laushi, ban da tsinke igiya da haƙori, motsa baki gaban madubi safe da yamma, a rage ɗaga murya. Na ce albarka. Roba na ɗauka, madubi na ɗauka, muryar a bar mini. Ta yi dariya, wai ba da ita nake ciniki ba, da muƙamuƙina ne. Shi kuwa ba ya ragi. Na gwada shi, na koma gaban shago na wuni ina ɗaga murya — washegari ko burodi kasa taunawa na yi, ciwo har cikin kunne.

Da ka gan ni gaban madubi. Buɗe a hankali, haɓa ta sauka miƙe kada ta karkace, rufe. Buɗe, rufe, kamar kifi a bokiti. Da ka yi dariya har tarin nan naka ya tashi, ni kuma in miƙo maka ruwa ina mita...

Ta waiwayo. Auta ta waiwayo tana nemana da ido. Tofar da robar ba wuya, in miƙe, kalma biyu matar nan ta biya har da godiya. Sai kuma me? Bakin ya sake kafewa, a sake rufe ni da mayafi? Ita kuma kullum ta dinga waiwaye, har ranar da za ta waiga ta tarar da bokiti babu kowa?

Na sunkuyar da kai. Ina kallon yatsun ƙafata. Harshe a ganɗa, harshe a ganɗa...

Auta ta faɗi kuɗi. Bai kai nawa ba. Amma ya fi naka, Maigida, wallahi ya fi naka, kuma muryar ba ta yi rawa ba. Matar na buɗe jaka. A'a — mene ne kuma Auta take sawa cikin tukunyar? Ludayi? Gyara? Wa ya aike ki!

Kunci na zafi. Na gaji... Gaban shago nata, ƙurya tawa, bakina a rufe, ludayi na tafiya a banza ina kallo. Da tsada. Ban taɓa sayen abu da tsada haka ba.

To. Na sallama.