Tsutsar da Datti Ya Ɗaure a Ƙwarya

A duk Toranke, Hajo kaɗai ce ke ba tumfafiya ruwa. Abin da kowa ke tugewa ya jefar, ita ta bar tushe bakwai a garkarta ta bayan ɗaki, tsakanin kuɓewa da yakuwa, har da kewaye su da ƙaya. Matan gida sun yi dariya sun gaji. Ba magani take haɗawa ba, ba sayarwa take yi ba. Malam-buɗe-littafi take kiwo, irin mai ruwan goro da baƙin gefe da farin fiffiken baya. Shekara da shekaru tana kallonsa yana saka ƙwai a bayan ganye, ƙwan ya zama tsutsa, tsutsar ta rataye kanta, wata safiya ta fito da fikafikai. Ta ma ajiye musu fasasshen kasko da jiƙaƙƙen yashi don su sha. Abin yana faranta mata rai, kuma ba ta ga dalilin da za ta nemi afuwar kowa a kai ba.

To, a daminar shekarar da aka ba Kano jiharta, sai ga matsala. Datti, wan mijinta marigayi, shi ne mai gida, kuma bara tsutsa ta gama masa da wake kaf. Tun daga nan ko zare ya gani a ƙasa sai ya taka. Ran nan ya zagayo duba danga, ya leƙa garkar Hajo, ya tarar da tsutsotsi sun yi ɗare-ɗare a kan tumfafiya, masu zanen fari da baƙi da rawaya, suna ta ci abinsu.

"Hajo, ashe a nan ake renon su," in ji shi. "Yau zan sare abin nan. Daga nan gonar wake za su nufa."

Hajo na tankaɗe, ba ta ko ajiye rariya ba. Ta ce, "Yaya, waɗannan ba su cin wake. Ba su cin kuɓewa, ba su cin komai sai tumfafiya."

"Tsutsa ce ke zaɓen abinci?"

"Wannan tana zaɓe. Ka kama ɗaya ka rufe ta da duk ganyen da kake jin tsoro. In ta ciji ko guda, ka sare duka bakwai ɗin, ba zan ce uffan ba."

Datti mutum ne mai son a ce ya yi adalci, musamman in ya tabbata shi zai ci. Ya ce ya yarda, amma shi zai zaɓi tsutsar, kuma a ɗakinsa za ta zauna kwana uku. Nan Hajo ta ɗan tsorata, don ta san in ya ɗauki ƙarama yunwa za ta kashe ta. Amma ina, Datti ba ya yin abu kaɗan. Ya hango wata ƙatuwa ta bar ganye tana ta sauri a kan danga, ya nuna ta da sanda.

"Ga shugabarsu nan. Kin gani, har ta kama hanyar kuɓewa."

Hajo ta sunkuyar da kai kamar mai tsince tsakuwa a gari, don kada ya ga bakinta. Ta san tsutsar da ta bar ganye ta hau yawo ta gama cin duniya ke nan, wurin ratayewa take nema.

Ya sa ta a ƙwarya, ya zuba mata ganyen wake da na gyaɗa da kuɓewa da yakuwa, ya rufe da faifai, ya ɗaure tamau da igiya, sai ka ce kura ya kama. Kwana ukun nan Hajo ta ci gaba da harkarta. Hanne, matar Datti, ta zo tana ba ta baki, wai ta je ta ba shi haƙuri ko ya bar mata tushe ɗaya. Hajo ta ce ita ba ɗaya take so ba, bakwai ta bari, bakwai za su zauna.

Ranar Laraba da hantsi Datti ya fito da ƙwarya tsakar gida, ya kwance a gaban kowa. Ya ɗaga ganyen ɗaya bayan ɗaya yana haskawa a rana. Sun yi yaushi, amma babu ko hudar allura. Tsutsa kuma babu ita.

"Ta gudu," ya ce. "Ke nan ba a yi komai ba. A kawo mini adda."

Wannan magana ta ɓata wa Hajo rai ƙwarai, don ta ga so yake ya zame. Ta miƙe, ta karɓi faifan daga hannunsa, ta ɗaga shi sama. Ga wani ɗan abu kore a rataye a ƙarƙashi, bai kai kan ɗan yatsa ba, sumul, da ɗige-ɗige kamar na zinariya.

"Ga ta nan, Yaya. Ba ta je ko'ina ba."

"Wannan ai ƙwallon wani abu ne."

"Kai ka ɗaure, a ɗakinka ta kwana. Wa ya shiga ya liƙa maka ƙwallo?"

Datti ya duba Hanne, Hanne ta duba ƙasa. Hajo ta ce ya mayar da faifan yadda yake, kada a jijjiga, ya ba ta zuwa Juma'a ta sama. In malam-buɗe-littafi bai fito daga ciki ba, ita da hannunta za ta sare tumfafiyar, ta kuma kai masa itacen har ƙofar ɗaki. Ya ce shi ke nan, amma daga Juma'ar ba ƙari.

Sai ga mai gida ya koma leƙen ƙwarya. Hanne ce ke kawo labari: kafin ya tafi gona ya ɗaga faifai, in ya dawo ya ɗaga, har ya hana a share ɗakin. Ranar Alhamis, ana gobe wa'adi zai cika, ya aiko ta a gaya wa Hajo abin nata ya yi baƙi, ya ruɓe, ta wasa adda. Hajo ta ce a gaya masa gobe kada ya yi sammakon gona.

Washegari rana ta ɗan ɗaga, Hajo na zuba ruwa a kasko, sai ta ji sallama ƙasa-ƙasa a bakin garka. Datti ne, yana tafe kamar mai ɗauke da nono cike da ƙwarya, ya riƙe faifai da hannu biyu. A ƙarƙashinsa ga malam-buɗe-littafi ya maƙale a jikin fankon ɓawonsa, fikafikan a jiƙe, a yamutse.

"Hajo," ya ce da murya ƙasa, "ina jin bai fito daidai ba. Ko ni na ɓata shi da yawan leƙe?"

Tausayinsa ya kama ta, abin da ba ta taɓa zato ba. Ta ce, "Lafiyarsa ƙalau, Yaya. Haka suke fitowa. Matso nan kusa da tumfafiya inda rana ke bugawa, ka riƙe shi haka, kada ka motsa."

Ya matsa ya tsaya. Can waje 'yan gandu sun saɓa fartanya suna jiran mai gida, ana ta aiko Hanne ta kira shi, bai ko waiwaya ba. Fikafikan suka fara miƙewa a hankali, ruwan goron yana fitowa.

"Har yaushe zan tsaya?" ya tambaya.

"Har ya ga dama," in ji Hajo.

Datti ya gyara tsayuwa, ya ce wa Hanne ta gaya musu su yi gaba, zai same su.